Kwana Uku a Cikin Gari

Lahadi

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririya. Ya jikin Umma? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, irin lafiyar gidan da ake zuwa asibiti sau uku a mako.

Kada ka yi mamakin ganin takarda bayan jiya jiya muka yi waya. Ka san inda wayar gidan nan take, a kan ɗan teburin da ke jikin kujerar Baba. Idonsa ne ya yi rauni, kunne kuwa ko cokali ya faɗi a kicin sai ya tambayi wa ya yar. Duk abin da na faɗa maka a waya, shi nake faɗa wa. Kai ma na lura da zarar ya karɓi kan wayar sai muryarka ta koma ta mai karanta labarai. Wayar ofishinmu kuwa ta rasu tun kafin a ɗauke ni aiki, ƙura kawai ake goge mata don girmamawa. Saboda haka zan riƙa ba direban bas ɗin safe takarda, ka karɓa a tasharku da yamma, ka ba shi amsa ya juyo da ita.

Ga maganar. Baba ya ce zai zo ya ga Umma.

Ba shawara ya nema ba. Ranar Juma'a muna dawowa daga wankin ƙoda, yana kwance a kujerar baya ido a rufe, na ɗauka barci yake, sai na ji ya ce, "Wata huɗu ke nan. Mako shida ta ce za ta yi." Na ce ai taya ku renon jaririya ta je, ba ta san ciwo zai tare ta a can ba. Ya ce, "To tunda ita ba ta iya zuwa, ni zan je."

Na zauna na duba abin ta kowace fuska. Litinin, Laraba da Juma'a yana kan inji. Ranar da ta rage mai fili a bayanta ita ce Asabar. Likitansa ya ce ba ya hana shi, amma kada ya kwana a hanya inda babu asibiti, wato dole a fita da asuba a isa a ranar. Ya huta Lahadi, Litinin a sa shi a injin asibitinku. Bas ba zai yiwu ba, awa goma sha huɗu ana cusa mutum uku a kujerar mutum biyu, ga hannun da ake sa masa allura ba ya son matsi. Filin jirgin da ya fi kusa da mu kuwa, kafin ka kai shi ka ci rabin tafiyar. Abin da ya rage motarsa ce, direba kuma ni.

Kilomita ɗari bakwai da sittin, Auta. Ni da iyakar jarumtata a sitiyari daga gida ce zuwa jami'a. Kuma wa zan ɗauka? Mutumin da ya yi shekara talatin da shida yana jan tankar mai a wannan hanyar, ko fitilar baya bai taɓa fasawa ba, ga lambar yabonsa nan a bango tana kallon duk wanda ya shigo falo.

Abu biyu nake so. Ka nema masa gurbi a injinku ranar Litinin, nan da mako biyu. Sannan ka gaya mini gaskiyar abin da likita ya ce game da Umma. Ba "da sauƙi" ba. "Da sauƙi" na san ta, tare muka girma.

Ka gai da kowa.

Yayarka.

Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin fetur, da alama kusa da jarka ta yi tafiyar. Muna lafiya. Jaririya ta fara kifewa da kanta, in ta kife kuma ta kasa juyowa sai ta yi ta masifa, mamanta ta ce halin wata ce ta ɗauko, ban ce ta wa ba. Ya jikin Baba? Allah ya ba shi lafiya.

Umma alhamdu lillahi. Jiya ta sha rabin kofin shayi, ta yi wa nas faɗa kan yadda take shimfiɗa zanin gado, har ta sa ta warware ta sake. Wanda yake da ƙarfin faɗa ai bai gaza ba. Likitoci suna ta gwaje-gwajensu, kin san su, ba sa barin magana ta fito fili.

Gurbi ya samu, Litinin ƙarfe takwas na safe. Da ƙyar, inji shida gare su, mutane kuwa kamar kasuwa. Ku zo da katinsa da sakamakon gwajin jini na ƙarshe.

Na tambayi direban bas labarin hanya. Ya ce babbar gadar nan ana gyaranta, an yi ratse ta ƙasa, babu kwalta, zai ci muku kusan minti arba'in. Kuma bayan mararrabar da ake sayar da tayoyi, kada ku sa ran gidan mai sai kun yi kilomita ɗari da hamsin. Ki cika tanki a nan ko da allura ta nuna akwai.

Na gaya wa Umma za ku zo. Ta kalli silin, ta ce, "Wa zai tuƙa?" Na ce Yaya. Ta ce, "Inna lillahi. Kafin su fita daga unguwa sun yi faɗa." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabon da in ji dariyarta tun kafin aikin da aka yi mata.

Amma Yaya, ki dubi Baba da kyau kafin ku taso. Ni ban gan shi ba tun bara, ke kike tare da shi. Kada garin neman gira a rasa ido. Ban ce kada ku zo ba.

Ki gai da shi.

Auta.

Lahadi

Auta,

Sallama da fatan alheri. Ya mai jiki? Ya jaririya mai halin wata? Ka ce wa mamanta na ji, kuma ina tafe.

Na tambaye ka abin da likita ya ce, ka ba ni labarin zanin gado. Na ɗauke shi a matsayin albishir, tunda ba ka ba ni wani abin ɗauka ba. Baba kuwa kada ka damu, tun da aka sa ranar tafiya ya fi ni kuzari. Nas ɗin ɗakin wanki ma ta tambaye ni ko an canza masa magani.

Teburin cin abinci ya zama ofishin sufuri. Ya sa na ciro tsohuwar kalanda, na juya bayanta, na zana hanyar da babban alƙalami yadda zai iya gani. Shi yake faɗa, ni nake zanawa. Ya san kowane gangare da kowane lanƙwasa kamar tafin hannunsa, sai dai tafin hannun shekara goma sha biyar baya. Zai ce, "Bayan doguwar bishiyar nan akwai gidan mai na wani mai ido ɗaya, mansa ba gauraye." Na ce Baba, mai yiwuwa bishiyar ta zama kujeru, mai ido ɗayan kuma Allah ya jiƙansa. Ya ce, "Rubuta dai." Na rubuta. Da na karanta masa batun gada da ratse, sai ya ɗaure fuska kamar an shiga gonarsa ba sallama.

Ga tsarin. Za mu fita ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba. Tsayawa duk bayan awa biyu, minti goma, ya miƙe ƙafa in zagaya motar in taɓa tayoyi. Ba zan wuce tamanin ba, ko da hanya ta zama tabarma. Ba zan wuce babbar mota ba sai ya ce in wuce, shi da ba ya ganin abin da ke gaban bonet, wai da kunne zai ji. Ruwan da likita ya yarje masa na yini ɗaya ƙaramar kwalba ce, na yi mata layi huɗu da alƙalami. In Allah ya so, kafin magariba muna ƙofar asibiti, don ya ce ba zan yi tuƙin duhu ba ko da taku goma ne.

Jiya ya sa na canza taya a tsakar gida, yana zaune a kujera da sandarsa. Na ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya a jere, ya ce in kwance. "Ba a bi da bi ake yi ba, a tsallake ake. Me suke koya muku a jami'ar?" Na ce ni nake koyarwa, Baba. Ya ce, "Allah ya jiƙan ɗaliban."

Abin da ba zan iya faɗa a waya ba shi ne jakar. Da kansa ya haɗa ta, yana laluben ɗakin Umma. Ya sa tabaraunta na karatu, da silifas ɗinta na banɗaki, da ƙaramin matashin da take sawa a bayanta. Na ce ai asibiti akwai matashi. Ya ce, "Ba irin wannan ba." Ya ajiye jakar a bakin ƙofar falo tun ranar Alhamis, kullum sai na yi tuntuɓe da ita. Ya kuma ce a kira masa mai aski ranar Juma'a. Shekara arba'in da huɗu da aure, mutum yana shiri kamar mai zuwa zance.

Gobe mota za ta je wurin bakanikensa, tsohon nan da tare suka yi furfura, a duba ta daga kai har ƙafa. Ka gaya wa Umma Asabar.

Yayarka.

Asabar

Auta,

Sallama. Ina fata kun tashi lafiya, Umma kuma ta samu barci.

Yanzu ƙarfe goma na safe. A kan kalandar Baba, da yanzu muna tsayawa ta biyu ina taɓa tayoyi. Ga ni a teburin cin abinci ina rubuta maka abin da ban iya bayyanawa jiya a waya ba.

Bakanike ya gano famfon ruwan inji yana yoyo. Ya ce zai iya kai mu, zai iya kuma ajiye mu a tsakiyar daji. Aka aika neman sabo, bai iso ba sai jiya da hantsi. Mota ta shigo gida da la'asar, a wanke, injin yana ƙara kamar mage. Na ce alhamdu lillahi, na fara sa kaya a but ɗin motar. Baba, da sabon askinsa, ya zagaya ta yana shafawa, ya sa kunne a bonet, sannan ya ce, "Sai ta yi kwana uku a cikin gari."

Ka san dokar, tun muna yara muke jin ta. Motar da ta fito daga gareji ba ta hawa doguwar hanya sai ta yi kwana uku tana zirga-zirga a gari. Na manta da ita ne kawai, don ban taɓa zaton za ta hau kaina ba. Na kawo masa hujjoji irin na aji, ɗaya, biyu, uku. Ya bari na gama. Ya ce, "Rabin motocin da na gani a kife a hanyar nan daga hannun bakanike suka fito. Noti ɗaya da aka manta ba ya nuna kansa ranar farko. Ba zan kai wa uwarki gawar 'yarta a matsayin tsaraba ba." Na ce to mu nemi wata motar. Ya ce motar da bai san halinta ba ta fi wannan haɗari. Shi ya fi kowa son tafiyar.

Kwana uku a wurinmu mako guda ne, tunda Asabar ɗaya ce a mako. Shi ya sa na kira ka. Da na ce an ɗaga, ka yi shiru har na ɗauka layi ya yanke, sannan ka ce, "To." Baba ya karɓa, ka ce masa babu komai, Allah ya kai mu. Na auna "to" ɗin nan na ce da a ce akwai gaggawa, da ka nuna. Ka ba Umma haƙuri, ka ce laifin famfo ne. Ka roƙi masu inji su mayar da gurbin Litinin ta gaba.

Ɗazu muka yi zagayen rana ta farko. Kasuwa, jami'a, tasha, gida. Yana gaba, tagar a buɗe, yana sauraren inji kamar likita. Jakar tana nan a bakin ƙofa.

Yayarka.

(A bayan ambulan ɗin takardar da ke biye, da rubutun Yaya: Ya rubuta ta Alhamis, kafin wayarmu. Ta iso hannuna Litinin da azahar. Bas ɗin ya lalace a hanya, takardar ta kwana huɗu a aljihun gaban mota.)

Alhamis

Yaya,

Sallama. Mu lafiya. Umma ba lafiya.

Ki yafe mini, na ɓoye miki. Tun makon jiya babban likita ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ciwon ya bazu, aikin bai tare shi ba. Ya ce ba sauran abin da za su yi sai rage mata zafi. A lokacin ya ce makonni. Yau da safe ya duba ta, ya ja ni waje, ya ce kwanaki, kuma ba lallai ta kasance cikin hayyacinta a dukkansu ba. Ya ce duk wanda take son gani ya zo yanzu.

Ban faɗa miki ba don ina tsoron ki faɗa wa Baba, ko ya gani a fuskarki, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Na ce tunda kun riga kun sa Asabar, me zai sa in tayar muku da hankali kuna shirin doguwar hanya? Yanzu ina rubutawa ne don abu ɗaya. Kome ya faru, kada ku ɗaga. Ko taya uku motar take da su, ku taso. Ba zan iya faɗin wannan a waya Baba yana ji ba, don haka in mun yi magana kika ji ina cewa lafiya lau, ki san wannan takardar ce gaskiya.

Ita ta sani, ko da yake ba wanda ya gaya mata. Jiya ta tambaye ni sau uku yau wace rana. Ba ta tambayar magani, ba ta tambayar likita, rana kawai take tambaya.

Za ki samu wannan yau da yamma. Allah ya kawo ku lafiya.

Auta.

Alhamis, kwana goma sha biyu bayan komawarku

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya jikin Baba, ya gajiyar hanya? Mu muna nan. Gida ya yi girma. Mutane sun ɗauke ƙafa, sai ɗaiɗai.

Kwanakin da kuka yi a nan ba mu zauna mu biyu ba ko sau ɗaya. Na ce jama'a ce ta hana, amma ni na riƙa gudun ki. In kin shigo falo sai in tuna ana nema na a waje.

Ranar Litinin da kika kira ni daga gidan waya kina cewa yanzu takardata ta iso, ban iya ce miki komai ba sai "ku taho." Na je na durƙusa wa masu inji suka ba Baba gurbin Laraba. Kun iso Talata da la'asar, kin ga yadda kuka same ta, tun Lahadi da rana ba ta ƙara buɗe ido ba. Laraba kuma, da Allah ya karɓi ranta, kin fi ni sanin yadda aka yi, ke kika sauka bene biyu kika tsaya a kan Baba yana kan inji, da sauran awa ɗaya da rabi kafin a cire masa allura, kika rasa ta inda za ki fara. Wannan duka kin sani. Ga abin da ba ki sani ba.

Ranar Juma'ar da kika ce an ɗaga, na ɗauka kin karanta takardata. Na ɗauka kin san kwanaki suka rage mata, kuma kika zaɓi famfon ruwa. Raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci ba. Shirun da kika ji, ina riƙe kaina ne kada in zage ki. Da na ce, "Yaya, kin ga saƙona kuwa?" kalma biyar, ko Baba yana ji ba abin da zai gane. Ban tambaya ba. Fushi ya sa na ce "to," don in kin tuna daga baya ya yi miki ciwo. Ga shi ya yi mana duka.

Na biyu ya fi wannan. Ban gaya wa Umma an ɗaga ba. Na je da niyyar faɗa, na tarar ta sa maiɗakina ta kawo mata kayanta daga gida. Asabar da safe ta ce a yi mata wanka, a cire mata rigar asibiti, a sa mata nata. Ta sa aka gyara mata kai, ta shafa turare. Ta ce a ɗaga gadon a juya shi ya kalli taga, ta nan ana hango ƙofar shigowar motoci. Ta ƙi allurar rage zafi ta rana, wai tana sa ta barci, ba ta so Baba ya zo ya tarar da ita baki buɗe. Duk motar da ta shigo mai launin ta Baba sai ta ɗaga kai. Da azahar ta ce, "Yanzu sun wuce gada." Da la'asar ta ce, "Yarinyar nan ba ta gudu, shi kuma ba zai bar ta ba." Ina zaune a gefe ina cewa haka ne.

Da aka kira magariba ta daina kallon tagar. Ta ce, "Ba ya tuƙin duhu. Sun kwana a hanya ke nan." Na ce eh, gobe. Ta ce a ba ta allurar.

Ban san me nake so ki yi da wannan ba. Na kasa riƙe shi ni kaɗai. Kada ki gaya wa Baba.

Ƙaninki.

Lahadi

Auta,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai ma'abocinsa, muna dai kwaikwayo. Baba yana zuwa wankinsa, yana cin abin da aka ba shi, ba ya musu da kowa. Ka san wannan ba alamar lafiya ba ce a wurinsa. Ka gai da maiɗakinka, ka ce na gode da abin da ta yi wa Umma, wanda ni ya kamata in yi.

Na karanta takardarka a mota, a wurin ajiye motocin jami'a, na shiga aji da jan ido na ce mura ce. Ba zan ce maka babu komai ba, mun ga inda "babu komai" ta kai mu. Amma tunda ka buɗe naka, ga nawa. Da Baba ya ce kwana uku, daɗi na ji. Makullin yana hannuna. Tsoho ne da ba ya gani, da na ce ya shiga mu tafi, da ya yi faɗa ya shiga. Tsoron hanyar nake ji tun ranar farko, sai ga doka ta zo ta rufa mini asiri. Hujjojin da na kawo masa, na kawo su ne irin yadda ake tayin abinci ga wanda aka san ya ƙoshi. "To" ɗinka kuma ban auna ta ba kamar yadda na rubuta. Na san muryarka tun ba ka iya magana ba. Na ji abin da ke ciki, na zaɓi fassarar da ta fi mini sauƙi.

Ba ka ga tafiyar Talata ba. Ban gaya masa dalili ba, na ce kawai an samu gurbi, kwana ukun kuma sun cika. Bai tambaya ba. Mun fita kan lokaci, amma ko sau ɗaya bai ce in rage gudu ba. A tsayawa ta biyu na fito zan taɓa tayoyi, ya ce, "Bar su. Shiga." Ruwansa ko layi ɗaya bai sha ba. Da muka fita daga ratsen gada, allurar gudu ta haura ɗari, ya ce, "Wuce wannan babbar motar." A nan na gane ya sani.

Da muka shiga ɗakin ka fita, ka ce za ka nemo nas. Ya lalubi bakin gadon ya zauna. Ya ce in ɗaga ta kaɗan, ya sa mata matashin a baya da hannunsa. Ya ajiye silifas a ƙasa, a jere, inda ƙafarta za ta sauka. Sannan ya riƙe hannunta ya ce, "Mun iso. Mota ce ta riƙe mu." Ya jira. Ya ce, "Yarinyar ta iya tuƙi, ba laifi." Ya sake jira. Ya zauna haka har ka dawo.

Ka ce kada in gaya masa. Jiya da safe muna shan shayi ya ce, "An ce Auta ya aiko takarda. Karanta mini." Direban bas ne ya gamu da bakanike, bakanike ya kawo gaisuwa. Na ɗauko, na karanta masa gaisuwa da labarin gida ya yi girma, na ƙara da jaririya tana gaishe shi, na ninke. Ya ce, "Na ji ƙarar takarda uku. Kin karanta rabin ɗaya." Na ce sauran maganar aiki ce. Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce, "An gaya mata an ɗaga?"

Na yi shekara goma sha biyu ina tsayawa gaban ɗalibai ɗari biyu ina amsa tambayar da ban san amsarta ba. Wannan na san amsarta, na kasa buɗe baki.

Ya ce, "Ba a gaya mata ba." Ba tambaya ba ce. "To ta shirya ke nan. Ba ta taɓa tarbata da kayan zaman gida ba, ko kwana biyu na yi a hanya."

Shayin ya huce. Na ɗauka ya gama. Na tashi zan kwashe kofuna, ya riƙe bakin hannun rigata.

Saƙonsa ne dalilin wannan takardar, kuma ya ce in rubuta shi yadda ya faɗa. Ya ce ba ya tuhumar kowa, shi ya san wanda ya ce kwana uku. Yana so ka gaya masa wane kaya ta sa ranar Asabar ɗin. In ba ka lura ba, ka tambayi maiɗakinka, ita ta ɗaura mata. Ya ce har launin ɗankwalin.

Yayarka.